Gefen Gareji: In Tsohuwar Mota Tana Tari Da Harbi Da Sassafe



Tun da hunturu ya fara busawa, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk kukansu ɗaya. Wani ɗan'uwa mai safarar albasa tsakanin Malanbil da Kwatano ya ce motarsa da safe sai ta yi ta kakkarwa kamar mai masassara, in ya taka totur ta yi tari ta mutu. Wata Hajiya daga Zangon Kumasi ta rubuto cewa motar maigidanta takan saki ƙara kamar bindiga a ƙofar gida, har yara sun fara tsoron shiga a kai su makaranta. Wani kuma daga Injamena ya ce bakanike ya riga ya yanke masa hukunci, wai sai an sauke inji. Dukansu uku sun rufe saƙonsu da magana iri ɗaya: da ta yi zafi sai ta koma lafiya lau.

Wannan ciwo na san shi sarai, domin ya taɓa cinye mini ribar tafiya biyu, ya kuma kusa nakasa mini yaro.

Abin da ya same ni a Ngawundare

Shekarun baya ina zaune a Ngawundare, ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Garwa da wata tsohuwar Peugeot 504 fikof, irin Fijon nan da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna. Wanda ya san garin ya san yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga matakin teku, kuma asubar Disamba a can ba wasa ba ce. A irin wannan lokaci motar ta fara yi mini tsiya. In ta tashi sai ta yi ta girgiza, in na taka totur sai in ji "fuf!" daga cikin bonet, ta mutu. Sai na yi kusan rabin awa ina lallashinta kafin ta yarda ta ja lodi.

Na kai ta gareji da azahar, bayan na sauke kaya. Bakanike ya tayar, ta tashi bugu ɗaya. Ya murɗa kusoshin kafireto, ya sa mini sababbin fulogi, na biya. Washegari da asuba ga tari nan yadda na bar shi. Na biyu ya ce kafireto ne ya gaji, na sayi na hannu aka ɗaura. Na uku ya kasa kunne ya ce ringi ne, a sauke inji. Kafin nan jaka 70 na sefa sun tafi, ga wani babban abokin ciniki ya ba wa wani direba lodinsa saboda na yi masa latti sau biyu.

Wata safiya yaron motata, da niyyar taimako, ya cire filtar iska, ya tsiyaya fetur a bakin kafireto da murfin jarka, ya ce in tayar. Ya leƙa kenan, motar ta yi harbi ta gaba. Harshen wuta ya tashi ya babbake masa gira da gashin goshi, tsumman da ke hannunsa ya kama. Allah ne Ya tsare, akwai yashi a kusa. Har yau in na tuna ɗan mutane ne aka ba ni amana, sai gabana ya faɗi.

Ran nan wani abokin zama ya kai ni wurin wani dattijon bakanike a bayan kasuwa. Bai ko buɗe bonet ba, ya ce, "Alhaji, da wane lokaci take yi maka haka?"

Na ce, "Da asuba, Baba."

Ya ce, "To me ya sa kake kawo ta da azahar? Bar ta ta kwana a nan. Gobe in ka idar da salla ka zo, kada kowa ya taɓa makulli kafin in iso."

Abin da na koya a wannan safiya shi zan raba da ku yau.

Me ya sa sai da sanyi?

Injin fetur yana son iska da mai a gwargwado, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Abin da ke kamawa da wuta a cikin silinda kuwa tururin fetur ne. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi, fetur ba ya saurin zama tururi, sai ya lafe a jikin manifol kamar raɓa a bayan kwano. Abin da zai isa silinda sai ya zama kamar kunun da aka cika wa ruwa, wato haɗin ya tsinke. Shi ya sa aka yi wa kafireto cok: wani ɗan faifai ne a bakinsa da ke rage iska don haɗin ya yi kauri har inji ya ɗumama.

Ga shi kuma batir yana rage ƙarfi da sanyi, baƙin mai yana yin kauri, raɓa tana kwanciya a kan wayoyin fulogi. Saboda haka duk ɗan raunin da ke jikin inji, wanda zafi ke rufa wa asiri da rana, da asuba yake fitowa fili. In ka kai wa bakanike mota da zafinta, ka kai masa marar lafiya ne bayan zazzaɓi ya sauka.

Ta gaba take harbi ko ta baya?

Wannan ita ce tambaya ta biyu da Baba ya yi mini, kuma ita ce rabin bincike.

In ƙarar daga cikin bonet take fitowa, ta bakin kafireto, kamar atishawa, mafi yawan lokuta haɗin ne ya tsinke. Tsinkakken haɗi a hankali yake ci, har bawul ɗin shigar mai ya sake buɗewa wutar ba ta gama mutuwa ba, sai ta bi hanyar ta koma baya ta fito ta kafireto. Wasu abubuwan da ke kawo wannan su ne wayoyin fulogi da aka juya, murfin distributa da ya tsage yana aika wuta inda bai kamata ba, taimin da ya kauce, ko bawul ɗin shiga da ba ya rufewa ruf.

In kuwa ta salansa take harbi, to fetur ne ya fita daga silinda bai ƙone ba, ya taru a cikin salansa, ya haɗu da zafi da iska ya fashe. Nan sai a zargi fulogin da ke tsallake wuta, ko mai da ya yi yawa, ko taimin da ya yi latti, ko bawul ɗin fitar hayaƙi da ya ƙone. Masu bin hanyar Garwa sun san gangaren Falez. In kana sauka, ka ɗage ƙafa daga totur, ka ji "fat-fat-fat" a baya, sau da yawa huda ce a jikin salansa ko gasket ɗin manifol ɗin hayaƙi ya ci, iska tana shiga ta wurin. Duba inda baƙin gawayi ya yi zane a jikin ƙarfe, nan ne ƙofar.

Akwai gwaji ɗaya na kyauta. Mota tana kakkarwa da sanyi, ka ƙara jan cok kaɗan. In ta daidaita, mai ne ya yi mata kaɗan ko iska ta yi yawa. In ta ƙara shaƙewa tana fitar da baƙin hayaƙi, mai bai gaza ba, sai a koma wajen wuta.

Daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Ƙa'idar Baba ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, kuma a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canja fulogi, ka murɗa kafireto, ka juya distributa duk a zama ɗaya, ko ta gyaru ba ka san abin da ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa kuma ba ka san inda za ka koma ba.

Na farko, man da ka sha. Mu matafiya mun san sau nawa hanya ke tilasta mu sayen man kwalba, wanda ake kira bumburutu a Kano, ruwa-ruwa a Nijar, kpayo a Benin, zuwa-zuwa a Kamaru. Wani mai kyau ne, wani kuwa da ruwa ko kananzir ko dattin jarka a ciki. Kananzir ba ya tururi da sanyi kamar fetur, don haka mota za ta yi wuyar tashi, ta yi hayaƙi, ta yi ƙwanƙwasa a hawa. Ruwa ya fi fetur nauyi, cikin dare sai ya kwanta a ƙasan tanki, shi famfo zai fara zuƙa da safe. Tsiyayi kaɗan daga tiyon mai a cikin farar kwalba, nesa da wuta da sigari, ka ajiye minti biyar. In akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa ya ware. Ka tambayi kanka: tun daga wane shan mai ciwon ya fara? Ka duba filtar mai kuma, ba ta da tsada.

Na biyu, cok. Mota a kashe, a buɗe murfin filtar iska, wani ya ja cok daga ciki kana kallo. Faifan nan ya kamata ya rufe, in an mayar kuma ya buɗe tsaye. Nan Baba ya kama ɓarawo na farko. Na ja cok har ƙarshe, faifai ko motsi bai yi ba. Kusar da ke riƙe wayar ta kwance, wayar tana zamewa a banza. Wata guda ina jan cok ashe iska nake ja, kuma wanda ya ɗaura mini kafireto na hannu haka ya mayar da wayar bai lura ba. Masu cok mai aiki da kansa su duba da sanyi ko ya rufe, su sake dubawa bayan ta yi zafi ko ya buɗe. Kana nan tsaye, a taka totur sau ɗaya ka leƙa, har yanzu mota a kashe: ya kamata ka ga ɗan tsirin fetur ya feso a ciki. In babu, shi ya sa take tari duk sanda ka taka.

Na uku, wuta. Kwance fulogi ka jera su yadda suke a inji, domin kowanne yana ba da labarin silindarsa. Mai launin ƙasa-ƙasa kamar bayan gurasa lafiya lau yake. Mai baƙin gawayi busasshe, mai ya yi yawa ko cok yana maƙalewa. Mai baƙi da danshin maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Fari fat kamar alli, haɗin ya tsinke ko inji yana zafi fiye da kima. In uku sun yi kama, ɗaya ya bambanta, ka san ɗakin da ɓarawo yake. A motoci masu kwantak, tazarar bakin fulogi takan kasance tsakanin milimita 0.6 da 0.8, ta kwantak kuma wajen 0.4. A auna da ma'auni, a daina auna ta da ido.

Sai murfin distributa. Buɗe shi ka duba ciki da tocila. Siririn zane baƙi kamar na fensir, ko tsaga, ko danshi, duk suna sa wuta ta ɓace hanya. 'Yan'uwa na Duwala, Kwatano, Lome da Kumasi, ku wannan ne babban abokin gabarku, saboda laima. Mu na Sahel kuwa ƙura ce ke taruwa ta sha raɓa. Goge shi da busasshen ƙyalle ka gwada. Wayoyin fulogi kuma da dare ake kama su: tayar da mota a wuri mai duhu amma a fili, buɗe bonet. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikin waya, ta gama aiki. Kada ka kama su da hannu, wutar da ke ciki dubban bolt ce. Kwandensa ma, ɗan ƙaramin gwangwanin nan na jikin distributa, in ya mutu yakan ƙona bakin kwantak ya sa mota harbi, kuma ba shi da tsada.

In ciwon ya fara ne bayan an wanke inji ko an canja fulogi, duba jerin wayoyi. Yawancin injina masu silinda huɗu suna harba wuta a jerin 1-3-4-2. Amma a kula, a injinan Peugeot ana fara ƙirga silinda daga ɓangaren kuloci, a na Toyota kuwa daga ɓangaren bel. Yaron gareji da ya saba da ɗaya yakan rikice a ɗayan. Taimin kuma da fitilarsa ake saita shi a kan alamar da kamfani ya yi. In ya yi gaba da yawa, inji yakan tokare lokacin tayarwa, ya yi ƙwanƙwasa a hawa. In ya yi latti, mota ba ƙarfi, ga zafi, ga harbi ta baya.

Na huɗu, iskar sata. Duk iskar da za ta shiga inji ta kafireto ya kamata ta bi, don a auna mata mai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsohuwar roba da zafin rana ya busar, ko gasket ɗin gindin kafireto, ko na manifol, suna barin iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, haɗin ya tsinke. In inji ya yi zafi ƙarfe yakan kumbura ya ɗan toshe kafar, shi ya sa ciwon ke lafawa da hantsi. Baba ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a gefen manifol, yana kaffa-kaffa da fanka da bel. Da ya zo kan tiyon da ke tafiya zuwa tukunyar birki sai ya miƙo mini ya ce, "Saurara, ɗana." Na ji "ssss" kamar maciji. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Ɓarawo na biyu kenan, kuma wannan har ƙarfin birkina yake ragewa ban sani ba, ni da nake sauka Falez da lodi. Wasu kan fesa fetur a wurin don su ji ko silo zai canja. Ni ban yarda da wannan ba, ruwan sabulu ko tiyon kunne sun wadatar.

Na biyar, cikin inji. Sai an wanke duk na sama kafin a zo nan. A fara da tazarar bawul. A 504 ana saita ta da sanyi, milimita 0.10 a na shiga, 0.25 a na fita, kowace mota kuma da nata adadin. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa ruf, ƙarshensa ƙonewa. Riƙe 'yar takarda a bakin salansa mota tana silo. In lokaci-lokaci salansa tana zuƙo takardar ciki, akwai zargin bawul ɗin fita. Kafin kowa ya ce maka a sauke inji, ka ce a auna matsin silinda da agogon awo a gabanka. Silinda huɗun bai kamata su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In allura ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan inji, kuma wannan ba ya buƙatar a sauke inji gaba ɗaya.

Hayaƙin safe ma shaida ne. Farin tururi da ke ɓacewa bayan 'yan mintuna ba komai ba ne. Amma in fari ne mai kauri da ba ya yankewa, kuma kullum kana ƙara ruwa a lagireto ba ka ga inda yake zuba ba, to gasket ɗin kan inji yana ɗiga ruwa a silinda cikin dare. Shuɗin hayaƙi da zarar an tayar kuwa, baƙin mai ne ke sulalowa ta robobin bawul yana jiƙa fulogi.

Maganar tamostat

Akwai wata al'ada a garejinmu, daga Kano har Kumasi: mota tana zuwa sai a cire mata tamostat, wai na ƙasashen ƙanƙara ne. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, a yawancin motoci tsakanin digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In babu shi, da sanyin hunturu sai ka yi tafiya mai nisa allurar zafi tana kwance. Inji yana ta aiki da sanyi, yana shan mai, fulogi yana baƙi, cok mai aiki da ɗumin ruwa ya ƙi buɗewa. In motarka tana zafi fiye da kima, a duba lagireto da ya toshe, da fanka, da famfon ruwa, da murfi. In tamostat ne ya maƙale, a sa sabo. Tawa ma Baba ya tarar babu, ya sa na saya.

Masu injekta

Wanda motarsa ba ta da kafireto, kamar yawancin waɗanda ake saukewa a tashar ruwan Kwatano da Lome, ba shi da cok. Kwamfutar mota ce ke ƙara mai da sanyi, bisa labarin da na'urar auna zafin ruwa ta ba ta. In wannan na'ura ta yi ƙarya ta ce inji da zafinsa, kwamfuta ba za ta ƙara mai ba, sai tari da kakkarwa. A duba ta, da bawul ɗin silo da kan cika da datti, da na'urar auna iska da ƙurar hunturu ke rufewa, da babban tiyon roba da ke tsakanin filta da totur, domin yakan tsage a cikin lanƙwasarsa.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. P0300 na nufin wuta tana tsallake a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 suna nuna wace silinda ce, P0171 kuma haɗin ya tsinke. Lambar hanya take nunawa, sai an bi an tabbatar kafin a sayi kaya. In fitilar inji tana ƙiftawa, a daina matsa mata, domin ɗanyen fetur yana ƙona katalis, shi kuwa ba araha ba.

Yadda za ka yi magana da bakanike a baƙuwar ƙasa

Rabin asarar da muke yi a ƙasashen mutane daga rashin fahimtar juna take. Abin da ake kira fulogi a Najeriya da Gana, a Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Cadi buji ne. Distributa delko ne, kwantak bis-filatine, koyil bobin, bawul sufaf, silo ralanti, tamostat kalostat, gasket ɗin kan inji kuma juwan-kilas. Ga tarko guda: a bakin mai Faransanci, satata cok yake nufi, abin tayar da inji kuwa demarer. Na san wanda ya ce a duba masa satata, shi yana nufin wani abu, bakanike ya kwance wani.

Kafin ka je, shirya amsar tambaya huɗu: da wane lokaci take yi, ta gaba ko ta baya, tana silo ne ko sai an taka totur, kuma me aka taɓa ko wane mai aka sha kafin ta fara. In ba za ta iya kwana a gareji ba, ɗauki bidiyo da waya da asuba, da ƙarar da hayaƙin duka, gani ya kori ji. Duk abin da aka cire a ba ka tsohon a hannu. Kusoshin kafireto kuwa su ne na ƙarshe da za a taɓa, bayan wuta da iska da bawul sun daidaita, kuma da zafin inji ake saita su.

Hajiya ta Kumasi, ke ma kina da aiki a nan. Maigida yana cikin mota, ke kike waje, kunnenki ya fi nasa sanin ko ta bonet ƙarar ta fito ko ta baya, idonki kuma shi zai ga launin hayaƙi. Ki faɗa masa abin da kika gani, kin rage masa rabin kuɗin gareji.

A kiyaye rai

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kada a zuba fetur a bakin kafireto, kada a leƙa shi ana tayarwa, kada a yi tafiya babu filtar iska, domin ita ce ke tare harshen wuta in ta yi atishawa. Motar da ke harbi kada a ɗaura mata jarkar fetur kusa da salansa, musamman masu lodin atamfa, katifa da auduga. A ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai, kuma wutar fetur ba a zuba mata ruwa, yashi ko ƙasa ake sa mata.

Waɗanda ke kwanar da mota a zaure ko cikin shago, kada ku ɗumama ta ƙofa a rufe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba marar launi marar wari, tana sa barci, daga barcin kuma sai dai labari. Ɗakin yara in yana jikin wurin, abin ya fi haɗari. A fitar da ita fili tukuna. Ɗumamawar ma ba ta buƙatar rabin awa. Minti ɗaya ko biyu, a ja a hankali, ana mayar da cok kaɗan-kaɗan. Barin cok a jawe yana wanke maiƙon jikin silinda, ya tsinka baƙin mai.

Ni dai a ranar nan abin da na kashe a wurin Baba, da kusar da ya ɗaure da guntun tiyo da ladan hannunsa, jaka 3 ne, ban da kuɗin tamostat. Injin da aka ce a sauke ya ƙara yi mini shekara huɗu kafin in sayar da motar. Yaron nan kuwa girarsa ta tsiro, yanzu shi ma direba ne, kuma duk sanda muka haɗu sai ya shafa goshi mu yi dariya.

Ɗan'uwa na Malanbil, fara da kwalbar gwajin mai da cok. Na Injamena, kada ka yarda a kwance noti ɗaya sai an auna matsin silinda a gabanka. Ku rubuto ku faɗa mana abin da aka samu, don wasu su ƙaru. Masu injin gas, na ga saƙonninku, ciwonku na safe daban ne, shi za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.